Barima kala-kala: wacce za ka saya, kuma yaya ake buɗe kwalba mai toshiya ba tare da toshiyar ta karye ba

Tun bayan Sallah saƙonni ke ta shigo mini a kan abu ɗaya. Wata baiwar Allah ta ce an aiko musu da kwandon kyauta daga wurin aikin maigidanta, a ciki har da kwalbar ruwan inabi marar giya, yau mako biyu ke nan suna kallonta a kan firji don ba wanda ya san yadda ake cire abin da aka cusa a bakinta. Wani matashi da ya samu aikin sabis a otal ya ce ranar da ya fara aka miƙa masa mabuɗi, ya karya toshiya biyu a gaban baƙi, har yanzu gabansa faɗuwa yake in ya ga an ɗauko kwalba. Na yi shekaru ina wannan aiki a otal da wuraren biki tsakanin Kaduna da Abuja, to bari in amsa wa kowa a wuri ɗaya.

Kalmomi biyu za mu riƙa maimaitawa. Toshiya ita ce guntun abin nan mai kama da ɓawon itace da ake cusawa a bakin kwalba. Ta asali daga ɓawon wata bishiya ake yanko ta, kuma ƙasar Fotugal ce kan gaba wajen samar da ita. Barima kuwa ita ce ƙarfen nan mai murɗi da ake zurawa cikin toshiya a ciro ta. Ba abin ɓoyo ba ne cewa Turawa don kwalaben giyar inabi suka ƙera waɗannan kayan. Amma kwalba iri ɗaya da toshiya iri ɗaya ake yi wa ruwan inabin da ba shi da giya, da wasu kwalaben khal da na man zaitun, kuma hannun da zai buɗe ɗaya shi zai buɗe ɗayan.

1. Kafin komai, duba bakin kwalbar

Kusan rabin masu tambayata ba sa ma buƙatar barima. Ɗauki kwalbar ka kalli wuyanta da kyau.

In ka ga marfin ƙarfe dogo mai 'yar tsaga a zagaye, na murɗawa ne kamar na kwalbar maganin tari. Riƙe ka murɗa, shi ke nan. Na taɓa ganin wanda ya huda irin wannan marfi da barima yana gumi, alhali da yatsu uku zai buɗe.

In ka ga kan ya kumbura kamar naman kaza, an lulluɓe shi da takarda mai sheƙi, kana taɓawa kana jin waya a ƙarƙashi, to wannan mai gas ce. Irin su ne suka cika teburan biki, su Eva da Chamdor da Pure Heaven da 'yan'uwansu, wasu da marfin murɗawa, wasu da toshiya mai waya. Tsallaka kai tsaye zuwa mataki na 8.

Hattara: ko da wasa kada ka zura barima a toshiyar kwalba mai gas. Iskar da ke ciki za ta harbo toshiyar tare da ƙarfen, kuma fuskarka ce a saitinsu.

In kuwa kan a shafe yake, daidai da bakin kwalba, an rufe shi da wata 'yar riga ta roba ko ta gwangwani mai laushi, to nan ne aikin barima.

Tunda kwalbar na hannunka, juya bayanta ka karanta. Akwai ruwan inabin da tun farko ba a bar shi ya zama giya ba, akwai kuma wanda sai da ya zama giya aka tace ta daga ciki. Na biyun wani lokaci za ka ga an rubuta 0.0%, wani lokaci kuma a ce abin da ya rage bai kai 0.5% ba. Hukuncin wannan na malamai ne, ni dai nawa in ce ka karanta kafin ka zuba wa baƙo, musamman kyautar da ta fito daga ofis, inda mai haɗa kwandon ba lallai ya san gidan da za shi ba.

2. Zaɓen barima

Farashi a naira yana bin dala ne, yau ka ji wani gobe wani, shi ya sa zan faɗi kimarsu da dala ka auna da kanka.

Ta 'yan sabis. Wannan ita ce mai naɗewa kamar 'yar wuƙar aljihu: akwai ƙaramar wuƙa a gefe ɗaya, barima a tsakiya, sai wani ƙarfe mai tsaga a ɗaya gefen wanda ake ɗorawa a leɓen kwalba. Ita ce a aljihun duk wani mai sabis da ya san aikinsa. Iri biyu ce. Akwai mai tsaga ɗaya, akwai mai tsaga biyu da gaɓa a tsakaninsu, irin wadda kamfanin Pulltap's na Sifen ya yi suna da ita. Nemi mai biyun. Dalili shi ne toshiya tana kai santimita 4 zuwa 5 a tsayi, mai tsaga ɗaya kuwa tana ciro rabi sai ta fara lanƙwasa ta gefe, a nan ake karyewa. Mai tsaga biyu tana ciro ta a miƙe, hawa biyu. Ana samun mai kyau a wajen dala 10, ta gama-gari ma ba ta kai haka ba. Aibinta ɗaya: sai an koya. Kwalba biyar zuwa shida hannu zai faɗa. In abu ɗaya za ka saya a cikin duk jerin nan, ita ce.

Mai fukafukai. Ita ce aka fi gani a gidaje da shagunan kayan kicin: kana murɗa kanta hannaye biyu suna tashi sama kamar mai shirin kabbara, sai ka danne su ƙasa toshiya ta fito. Yara na son wasa da ita. Ba ta buƙatar ƙarfi ko koyo, kanta na sama kuma yana buɗe marfin lemo. Amma yawancin masu arahar ƙarfensu kauri gare shi kamar sukurun kafinta, yana ragargaza toshiya maimakon ya kama ta, kuma ba ka ganin iya zurfin da ka kai sai ka huda ta har ƙasa, gutsattsari su zuba cikin ruwan. Ga haƙoran da ke ɗaga fukafukan, in na ƙarfen banza ne, wata rana za ka danna ka ji ƙaras, hannu ɗaya ya sauka ɗaya ya tsaya. Araha ba ta ado. In ita kake so, ka bi gwajin da ke mataki na 3.

Mai sanda, wadda ba komai a jikinta sai barima da mariƙi a gicciye. Irinta ce ake maƙalawa a wuƙaƙen aljihu na Victorinox. Ƙarfin damtse kawai take aiki da shi. Za ka ga mutum ya matse kwalba tsakanin cinyoyinsa yana ja, toshiya ta ƙwace lokaci guda, gwiwar hannunsa ta sami na bayansa. Ta tafiya ce, ba ta tebur ba.

Mai ciro da kanta. Tana da ƙafa biyu da ke hawa wuyan kwalba, da doguwar barima da aka shafe da wani baƙin abu mai santsi, irin na kaskon da abinci ba ya kamawa. Ba a ja, murɗawa kawai za ka yi ta yi gefe ɗaya, toshiya ta riƙa hawowa da kanta. Screwpull ne sunan da aka fi saninta da shi. Ga uwargida ko dattijon da ba ya son wahala, ni ita nake zaɓa masa a kan mai fukafukai. Samunta a kasuwanninmu ne sai an dace.

Mai liba. Babba ce, tana da hannaye biyu da ke matse wuyan kwalba da liba a sama: ka danna ƙasa, ka ɗaga sama, an gama cikin daƙiƙa biyu zuwa uku. A biki mai kwalba 50 tana hutar da mutum. Tsadarta ta ninka ta 'yan sabis sau uku zuwa biyar, tana cin wuri a durowa, kuma toshiyar roba na saurin cinye santsin ƙarfenta, shi ya sa ake sayar da wasu da barimar canji a cikin akwatin.

Mai batir. Ka ɗora a kai, ka danna maɓalli. Ga mai ciwon gaɓoɓi ko wanda hannu ɗaya ba ya aiki sosai, alheri ce. Ga sauran mutane ado ne. Ranar da kake buƙatarta ranar ce za ka tarar ba caji, an kuma ɗauke wuta. Mai aikin biki da ya dogara da ita kaɗai ya shirya jin kunya.

Mai harshe biyu. Wannan ba ta da barima sam, wasu siraran ƙarafa biyu ne masu faɗi, ɗaya ya ɗan fi ɗaya tsayi, da ake zurawa tsakanin toshiya da gilashi. Turawa na ce mata Ah-So. Ita ce maganin toshiyar da ta tsufa ta yi rauni, don ba ta huda ta. Akwai wata mai suna Durand da ta haɗa harsunan da barima wuri ɗaya, kuɗinta ya haura dala 100, ta masu tara tsofaffin kwalabe ce, ba ruwanmu da ita.

Mai allura da famfo. Ana soka allura ta ratsa toshiya, a buga iska ciki har ta turo ta waje. Ban ba kowa shawarar ta ba. Kana ƙara wa gilashi matsi ne ba ka san ko yana da tsaga ba, kuma kwalbar da siffarta ba zagayayyiya ba ce ta fi saurin fashewa.

3. Gwajin tsinken ashana a gaban mai shago

Ko a Wuse kake, ko Sabon Gari, ko kana duba hoto a Jumia, ƙarfen murɗin shi ne abin dubawa, ba kyan mariƙi ba. Tafi da tsinken ashana. Buɗe barimar ka zura tsinken ta tsakiyar murɗin daga ƙasa. In ya shige, wato tsakiyar fanko ce kamar igiyar kabewa da ta nannaɗe, to ta ƙwarai ce: irin wannan tana shiga toshiya ta hanya ɗaya, ta rungume ta daga ciki. In tsakiyar cike take da ƙarfe kamar sukuru, mayar masa da abinsa. Wannan rami take haƙawa, in ka ja sai ta fito da gari ta bar toshiyar a inda take.

Sannan ƙirga zagayen, ya kai biyar. Taɓa tsinin, ya zama mai kaifi kuma yana bin layin murɗin. In ta 'yan sabis ce, buɗe ka rufe sau uku ka ji ko gaɓoɓin na rawa. Mai rawa tun a shago ba za ta kai Sallah mai zuwa ba. Duba 'yar wuƙar ma, mai haƙora ta fi daɗewa tana yanka.

4. Cire rigar wuya

Daga nan bayanin na ta 'yan sabis ne, sauran zan taɓa su a mataki na 6.

Ajiye kwalbar a tsaye a kan tebur mai ƙarfi, ba a kan cinya ko tire ba. Kusa da bakinta akwai wani tudu da ya zagaye wuyan kamar zobe. Ɗora 'yar wuƙar a ƙasan tudun, babban yatsanka ya tokare ta ɗaya gefen, ka yanka rabin gaba, ka juya hannunka ka yanka rabin baya, sannan ka tsaga sama sau ɗaya ka ɗage hular. Ana yankawa a ƙasan tudun ne don kada ruwan ya taɓa rigar yayin zubawa ya riƙa ɗiga a jikin kwalba. A gida in ka ga dama ka cire rigar gaba ɗaya, ba laifi. A otal kuwa hannunka ne ke zagayawa, kwalbar ba ta motsi, takardar sunanta na kallon baƙo.

Hattara: naɗe wuƙar kafin ka buɗe barimar. Yawancin yankan da na gani a hannun sababbin yara daga nan ne. Bakin rigar gwangwani ma yana yanka kamar reza.

Goge saman toshiyar da tsumma mai tsabta. In ka ga ta ɗan turo kai sama da bakin kwalba, ko akwai danƙo da ya bushe a wuya, zafi ya taɓa ta, wataƙila ta kwana a but ɗin mota ko ta sha rana a shago. Irin wannan ka sansana ka ɗanɗana kafin ka kai wa kowa. In an rufe kan da kakin zuma maimakon riga, kada ka tsaya kankarewa, huda ta cikinsa kawai, ka share ɓarɓashin kafin toshiyar ta gama fitowa.

5. Zura barima, ciro toshiya

Nan ne ake cin jarrabawa ko a faɗi, kuma kuskuren na faruwa ne a daƙiƙar farko.

Tsinin barima ba a tsakiyar murɗin yake ba, a gefe yake. In ka tsayar da ita cak ka danna, za ta gudu gefe ta bi jikin gilashi. Abin da za ka yi: kwantar da ita kaɗan, ka soka tsinin kusa da tsakiyar toshiya, ka danna da yatsanka manuni, sannan ka miƙar da ita tsaye yayin da kake murɗawar farko zuwa dama. Bayan zagaye ɗaya tsaya ka leƙa ta gefe. In ta karkace, warware ka sake tun yanzu, ya fi sauƙi a kan bayan ta nutse.

Ci gaba da murɗawa ba tare da dannawa da ƙarfi ba, ita za ta ja kanta. Tsaya idan saura zagaye ɗaya a waje.

Hattara: masu tsoro suna tsayawa a zagaye biyu ko uku, sai su ciro rabin sama su bar rabin ƙasa. Masu zafin hannu kuma suna nutsar da ita duka har ta ɓullo ta ƙasa. Na farkon ne ya fi yawa, kuma shi ya fi ba da wahala.

Yanzu sauko da ƙarfen mai tsaga. Ɗora tsagar farko, wadda ta fi kusa da mariƙi, a kan leɓen kwalba. Da hannun hagu ka riƙe wuyan kwalbar tare da ƙarfen a dunƙule ɗaya, don kada ya zame. Wannan riƙon shi ne sirrin. Wanda ya bar ƙarfen ba riƙo, zai zame ya ɓantare leɓen gilashi. Da hannun dama ka ɗaga ƙarshen mariƙin sama a hankali, sama kai tsaye, ba baya ba. Za ka ji toshiyar ta yi ɗan ƙara ta taso kamar rabi. Idan mariƙin ya ƙure, sauke shi, ka ɗora tsaga ta biyu a leɓen, ka sake riƙewa, ka sake ɗagawa.

Kada ka ƙarasa da liba. In saura kamar faɗin farce a ciki, saki ƙarfen ka kama toshiyar da yatsunka, ka girgiza ta kaɗan hagu da dama ta fito shiru. A wurin aiki, ƙarar fitar toshiya alamar sabon hannu ce, kuma fizgar ce ke sa ruwa ya fantsamo. Jan ruwan inabi a kan farar shaddar baƙo, wannan ba a gyara shi da ban haƙuri. Goge cikin bakin da wajensa, warware toshiyar daga barima, ka naɗe kayanka.

Toshiyar roba, wadda za ka gane ta da santsi da launi bai ɗaya, ta fi taurin kai. Tana buƙatar ƙarfi wajen ɗagawa, tana kuma maƙale wa barima bayan ta fito. Naɗe ta da tawul ka murɗa hagu. Amfaninta dai ba ta karyewa.

6. In wata iri ce a hannunka

Mai fukafukai: cire riga, ɗora zoben a bakin kwalba, riƙe ƙasanta tare da wuyan, murɗa har fukafukan su kusa miƙewa, sannan ka danne su da hannu biyu a lokaci ɗaya. Kada yatsanka ya kusanci haƙoran, suna cizo. In toshiyar ba ta gama fitowa ba, ƙara murɗawa zagaye ɗaya ka sake dannawa.

Mai batir da mai liba: su ma sai an cire riga tukun, mutane na mantawa. Mai batir a riƙe ta a tsaye sosai, ɗaya hannun ya kama kwalbar don tana son juyawa, kada ka saki maɓallin sai injin ya tsaya da kansa.

Mai harshe biyu: fara zura dogon harshen a gefen toshiya, sannan gajeren a ɗaya gefen. Kada ka danna kai tsaye, tura toshiyar ciki za ka yi. Jijjiga shi gaba da baya, kowane gefe na shiga kaɗan-kaɗan, har mariƙin ya sauka. Sai ka riƙa murɗawa kana ja sama a tare. Ba ta jituwa da toshiyar roba.

7. Toshiya ta karye

Tana karyewa, har a hannun gwanaye. Sau da yawa ma laifin ajiya ne: toshiyar asali tana son kwalba a kwance don ruwan ya riƙa jiƙa ta, mu kuwa a tsaye muke jera su a kan kabad ana ado da su, zafin bazara ya bi ta kansu, iskar hunturu ta ƙarasa busar da su.

Da farko busa ko girgiza ɓarɓashin da ke sama ya fita. Sai ka zura barimar a karkace, tsininta ya nufi bangon gilashi ta cikin guntun da ya rage, ka murɗa a hankali ba dannawa, ka ja kana jingina guntun da jikin kwalba. In kana da mai harshe biyu, wannan ce ranarta.

In ya ƙi, tura shi ciki. Ba abin da zai yi wa ruwan, toshiya ba guba ba ce. Sa gindin cokali ko na ƙaramin ludayi ka danna sannu, ka rufe bakin da tawul domin idan ya faɗa ruwan na tsalle sama. Sannan ka tace da matacin shayi zuwa cikin jug. Guntun zai riƙa tare baki yayin zubawar farko, tokare shi da gindin cokalin.

Hattara: in leɓen kwalbar ne ya ɓantare kuma ba ka ga guntun gilashin a waje ba, zubar da ruwan. Mataci ba ya kama ƙurar gilashi. Kuɗin kwalba ɗaya bai kai kuɗin asibiti ba.

8. Kwalba mai gas

Ba barima a nan, hannu da tawul ne kayan aikin. Amma ita ce mai haɗarin gaske, kuma ita ce ake miƙa wa amarya da ango su buɗe a gaban jama'a.

Sanyaya ta sosai, awa uku a firji ko rabin awa a bokitin ƙanƙara da ruwa. Mai ɗumi ita ke harbi. Kwalbar da aka sauke yanzu daga mota bayan ta sha gargada, a bar ta ta huta. Goge jikinta don kada ta sulɓe.

Cire takardar kan. Ɗora babban yatsanka a saman toshiya, kuma daga wannan lokacin kada ya sauka. Da ɗaya hannun ka miƙar da 'yar kunnen wayar ka warware ta zuwa hagu, rabin zagaye shida ne ke kwance ta. Ba sai ka cire wayar ba, sassautawa ta isa, tana ma taimaka wa riƙo. Yafa tawul a kai, kama toshiyar da wayar tare, karkata kwalbar rabin kwanciya, bakinta na kallon bango. Sai ka murɗa kwalbar daga gindi, ba toshiyar ba. Za ka ji tana turo hannunka. Kada ka sakar mata, tare ta kana barin ta fito sannu har ka ji iska ta fita kamar ajiyar zuciya. Bar kwalbar a karkace na ɗan lokaci kumfar ta kwanta.

Hattara: tsakanin kwance waya da kama toshiya ne ake samun matsala. A wani ɗakin taro da na yi aiki, abokin ango ya kwance wayar ya ajiye kwalbar a tebur ya juya yana amsa gaisuwa. Toshiyar ta tashi da kanta ta fasa ƙwan fitila a saman kan uwar amarya. Allah ya taƙaita abin a fitila ya tsaya. Masu girgizawa don a ɗauki hoton kumfa kuwa, garin neman gira ake rasa ido, kuma a nan ba karin magana ba ne kawai. In dole sai an yi, a fita fili, bakin kwalbar na kallon inda ba kowa, yara a baya.

9. Ba barima a gidan kwata-kwata

Nemo dogon sukuru sabo, wanke shi, ka murɗa shi tsakiyar toshiya da sukudireba har saura kamar santimita 2 a waje. Kama kansa da filaya ko bayan hamar cire ƙusa, wani ya riƙe maka kwalbar a tebur, ka ja sama sannu. Sa tsumma tsakanin ƙarfen da leɓen gilashi. Ko kuma ka tura ta ciki kamar yadda na faɗa a mataki na 7, wannan ma ya fi sauƙi.

Dabarun da ake yaɗawa a bidiyo, na saka kwalba cikin takalmi a riƙa buga bango, da na gasa wuyanta da wutar laita, da na caka wuƙar kicin a murɗa, ka bar wa masu su. Ba sa nuna maka sau nawa kwalbar ta fashe kafin a samu wanda aka ɗora.

10. Rufe saura da adana barima

In an rage, mayar da toshiyar ta gefen da yake ciki tun farko, kana murɗawa kana dannawa, rabi ya isa. Na san ɗaya gefen ya fi saurin shiga, amma shi ne ya sha ƙura. Sa a firji a tsaye, kuma ruwan da ba shi da giya ba ya jure ajiya, a shanye cikin kwana biyu zuwa uku. Toshiyar mai gas ba ta komawa don gindinta ya buɗe, sai dai marfi mai maƙalewa da ake sayarwa don haka, kuma kada a cusa mata wata toshiyar a kwantar a firji.

Barimar kuma a goge ta da tsumma mai ɗan laima a busar nan take, kada a jiƙa ta cikin ruwan wanke-wanke, tsatsa daga gaɓoɓi take farawa. Ɗigon man girki ɗaya a gaɓa in ta fara tauri. Mai aikin sabis ya riƙe biyu, ɗaya a aljihu ɗaya a jaka, ya kuma ɗaura wa tasa zare ko ya ɗiga mata jan farce, don a wurin biki aron barima ba ya dawowa.